Lugude Ta Bayan Darni

…kuma har yanzu ba wadda ta ce min sannu da zuwa. To, da ma na sa rai? Ga ni tsaye a gindin rumbu, taɓarya a hannu, kamar wadda ta shigo gidan mutane ta manta abin da ya kawo ta. Dakan biki ne. Bikin Tani, ƙanwarki, Ƙande. Kowane gida a Yekuwa ya aiko mace da taɓarya, haka ake yi, ba a jiran gayya — shi ya kawo ni. Ba so na ake ba. Surukata ta ce bayanta ya riƙe, ni zan ɗauki taɓaryar gidanmu. Bayan da ya riƙe… ga shi can ya miƙe sarai a inuwar ɗaki, cikin tsofaffi, faifai a cinya, tana bakace tana leƙena ta wutsiyar ido. Kallo ta zo. Ta zo ta ga yadda za a yi da ni.

Turmi uku. Mata uku a wancan, uku a wancan, biyu a naki: ke da Yakura matar maƙeri, wadda taɓarya ke faɗo mata kamar mai gyangyaɗi. Akwai wurin mutum ɗaya. Kowa ta ga akwai wurin mutum ɗaya. An bar shi buɗe kamar giɓin haƙori, idanu sai zagaye shi suke yi.

Can ta matse musu. Su yi ta zagayawa. Waccan mai ƙaton wuya da ke dariya ta hanci, ba ita ce ta zo Magariya da ƙwaryar nono a ka, ta durƙusa a ƙofar ɗakina tana ce min uwar ɗaki, wai in roƙa mata maigida ya bar mata ɗanta ba? Na gane ta sarai. Don ba na magana suke zaton ba na gani. Na san wadda ta saci kallon zanena yanzun nan, na san wadda ta ja ƴarta kusa da ita da na wuce. Na san su duka.

Matar gardi. Sunana ke nan a garin nan, ko da yake wata shida rabon mijina da jar darar dogaran bariki. In sun gaji da wannan su ce ƴar lakwal — shekara biyu kacal na yi a lakwal, makarantar bature, da aka ce kowace unguwa ta ba da yarinya, aka duba aka ga ni ce marar uba. Me na fito da shi? An, de, turwa, katar. Da yadda ake miƙewa tsaye in mushe, malamin aji, ya shigo. Zuwaira dai ba wadda ta taɓa kira. Anya ma sun san sunan? Ke kin san shi?

Ke…

Kada ki dube ni. Gara kada ki dube ni. In kika yi min irin duban da kike min a bakin rijiya, a nan, a gaban turmi, ban san abin da zai tashe ni gobe ba. Abu ɗaya gare ni a garin nan, ɗaya tak, kuma a hannunki yake.

Darni ne kawai tsakanin gidanku da namu. Karan dawa, an ɗaure da kaba, ya fi ni tsawo da kamu biyu. Turmin surukata na jingine da shi ta wajenmu, tsohon turmi mai tsaga a gindi, muryarsa a dishe. Sati na uku da zuwanmu — ban ma gama miƙewa daga jinya ba — ta miƙo min gero ta ce hutun bariki ya ƙare. Na tsaya ni kaɗai da hantsi. Hannuna ya manta daka. Ina ɗagawa ina ƙirgawa a raina kamar ana koya mana tafiya a layi, an… de… an… de… kuma tsakanin an da de akwai wani rami, wani shiru mai tsawo da mutum zai iya faɗawa ciki. Sai wani abu ya faɗo cikin ramin. Daga bayan darni. Dum. Murya mai zurfi, turmin ƙirya, ba irin namu ba.

Na ce dacewa ce. Na tsaya. Aka tsaya.

Na ɗaga, na sauke. Aka amsa.

Ranar na daka geron nan har ya wuce yadda ake so, surukata ta ce surfe ta sa ni ba gari ba, ta ce a lakwal ba a koya wa mutum ya san inda ake tsayawa. Ta yi ta faɗa. Ni kuwa ina jin tafin hannuna yana zafi, ina jin daɗin zafin. Rabona da in ji wani abu a jikina wanda ba…

A'a. Ba yanzu ba.

Wata biyar ke nan. Kullum da hantsi, in ban da Juma'a da kuke zuwa kasuwa. Ke kika koya min ƙwanƙwasa bakin turmi kafin a sauke, ke kika koya min bugu biyu a wurin ɗaya, ba da baki ba — ki yi, ki tsaya, ki sake yi a hankali, kamar mai koya wa yaro tafiya. In na ɓata sai ki buga gefen turmi sau ɗaya, kwas, na san dariya kike min. Ina jin tafinki in kin cilla taɓarya sama. Ina jin wata waƙa da kike yi a maƙoshi, baki rufe, ba kalma ko ɗaya, sai karin. Na iya karin nan har ina yin sa in ina wanke-wanke. Lugude, wai. Mata na yin sa a turmi ɗaya, ido cikin ido, suna dariya. Mu namu turmi biyu, da karan dawa a tsakani.

Kuma a bakin rijiya ki janye gugarki don kada igiyarki ta taɓa tawa. Ki tofar da yawu gefe. Na yi miki ina kwana sau biyu a farkon zuwana, kika dubi bayan kaina kamar akwai wani abin kallo a can. Wace iri ce ke? Da wa kike zaton kina lugude, da aljanar darni? Ba wata mace a gidan nan sai ni da tsohuwa, kin sani. Kin sani sarai.

Na tsane ki a rijiya. Wallahi na tsane ki. Sai hantsi ya yi…

Ga Yakura ta sake faɗowa a makare. Kina haƙuri da ita, ina gani, kina jan hannunki baya kamar mai riƙe doki. Ba ki san ina gane haƙurinki ba? Na san shi. Ranar da wuyan hannuna ya kumbura — maigida ne ya murɗe shi a kan ruwan alwala, wai ya yi sanyi — da hannu ɗaya na daka, a hankali, ina jira ki gaji ki bar ni. Ba ki bar ni ba. Kika sassauta, kika yi ta tafiya da ni kamar mai rakiyar gurgu, har na gama. Kin ji ta darni, ko? Kin ji abin da ya faru da asuba. Komai ana ji ta darnin nan.

Kwana uku kuma da kika yi shiru, lokacin kaka. Wa zan tambaya? In ce wa surukata me ya sami Ƙande? Sai ta ce ina ruwana da matar da ɗanta ya… Na tsaya a gaban turmi a rana ta uku, ba a ba ni abin daka ba, na ɗaga taɓarya na buga a turmi wofi, sau ɗaya, sau biyu, ko za ki ji ki san ana nan. Tsohuwa ta fito da gudu — bayanta bai riƙe ba ranar — tana salati, wai turmi wofi nake daka mata, yunwa nake kira wa gida, wai abin da na jawo musu bai ishe ni ba. Ni na jawo. Ni na sa jar dara. Ta kife turmin, ta hana ni tuwo ranar. Amma a rana ta huɗu na ji ki, hannu ba ƙarfi, dum… dum… kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa tana jin kunya. Na zauna a ƙasa na yi kuka, sannan na tashi na amsa.

Wannan mene ne sunansa? Ƙawa? Ƙawa da ba ta taɓa ce min ci kanki ba?

Jibo. Mijinki. Ke ba za ki faɗi sunan ba, ni na ji shi a bakin mata. An zo neman mutanen aikin hanya, shekara biyu kafin a ce an daina aikin dole — shekara biyu kawai, da ya ƙara haƙuri… da wa ya ƙara haƙuri? Nawa ne ya zo ɗaukarsu. Ɗan garin, wanda suka yi kiwon awaki tare, shi aka aiko don shi ya san bayan kowane rumbu. Ya same shi a gona. Ya ɗaure shi da hannunsa. Labari kawai ya dawo miki, wai ciwon ciki, wai an rufe shi a gefen hanyar Damagaram.

Muttaƙa, mijina. Na faɗa. A raina na faɗa, wa zai ji? Muttaƙa, Muttaƙa. Sunan ba shi da nauyin da nake zato.

A bariki ana zaunar da su a rana, bayan biro, ofishin kumandan, kafin a wuce da su. Ɗakinmu na kallon wurin. Akwai wata rana, wani daga cikinsu, dogo, riga a yage ta kafaɗa, ya hango ƙafata ta ƙarƙashin zana, ya ce baiwar Allah, ruwa. Tulu na nan jikin ƙafata. Moɗa a kai. Na tsaya. Ni amarya, maza goma sha wani abu a zaune, in fita yaya? Kunya. Wai kunya. Ya sake faɗa sau ɗaya, bai ƙara ba. Dogo ne Jibo? Ban taɓa tambaya ba. Ba na so in sani. Suna da yawa, ai suna da yawa, kowane wata ana kawo wasu… Kuma kajin da maigida yake shigowa da su a rataye a sirdi, ni na fige su. Na ci. Da romo na ci, har ina tsotsar ƙashi. Ban tambayi ko na wace ce ba. Ko akwai taki a ciki, Ƙande? Wata ja mai wuyan tsirara?

Sannan rana ɗaya komai ya kife. Wani ɗan kaso ya ce zai zaga bayan geza, a hanya, kusa da iyaka. Nawa ya kwance masa hannu — sau ɗaya a rayuwarsa ya kwance wa mutum hannu — mutumin ya zaga, ya yi ta zagawa har ƙasar Ingilishi. Kumandan ya sa aka tara kowa a gaban tuta, aka cire masa dara, aka cire ɗamara, aka karɓe doki, har takalmi. Aka ce kafin rana ta faɗi mu bar ɗakin. Ina za mu? Gida. Gidan da ya ɗaure rabin mazansa.

Yanzu yana zaune. Kullum yana zaune, a tabarma, jikin darni ta inda inuwa take, yana tufkar igiyar rama da babban yatsan ƙafa. A masallaci ana amsa masa sallama da rabin baki. Shi kaɗai yake cin tuwo. Wani lokaci in na kawo masa ruwa sai ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai ya ce in ajiye. Shi ma ba shi da kowa. Shi ko turmi ba shi da shi.

Me suke cewa? Mai ƙaton wuya ce. Da ni take, ba ta dube ni ba amma da ni take.

"A bar ta ta huta mana. Su a bariki ƴan kaso ke yi musu daka."

Dariya. Har tsofaffi. Har surukata ta sunkuyar da kai tana murmushi cikin faifai — ɗanta ake zagi, amma tunda ta kaina aka biyo, da daɗi. Kuma gaskiya ne, abin haushin ke nan, gaskiya ne, su suke min daka, su suke ɗebo min ruwa. In juya in fita? Taku goma ne zuwa ƙofa. In na fita shi ke nan, na fita, gobe ba zan iya ɗaga…

"Geron nan ba zai daku da kallo ba. Mai taɓarya a hannu ta matso."

Muryarki. Ashe haka muryarki take in kin buɗe baki — ta fi yadda nake zato kauri. Ba ni kika duba ba, cikin turmi kika duba. Amma ni kaɗai ce mai taɓarya a hannu da ba ta daka.

Ƙafa, tafi. Tafi mana.

Ga turmin. Ga shi, baƙi, bakinsa ya sha hannu har yana sheƙi, wata biyar ina jin muryarsa ban taɓa ganinsa ba. Ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Ke ma. Ina zaton doguwa ce ke in kin tsaya a turmi, ashe kafaɗarmu ɗaya. Akwai tabon ƙuna a gwiwar hannunki. Da hagu kike jagora — shi ya sa! Shi ya sa bugunki na biyu yake zuwa ta inda ban zata ba.

Ke. Yakura. Ni. Ke. Yakura. Ni. Kada in ƙirga, in na ƙirga zan ɓata. Taɓarya uku a baki ɗaya, in na makara da ƙiftawar ido tawa ta hau taki, a ce matar gardi ta fasa wa Ƙande yatsa a bikin ƙanwarta. Suna jira. Ina jin jiransu a bayan wuyana kamar rana.

Kin ƙara sauri. Na gane, gwada ni kike. Ƙara mana. Yakura na haki… ta ja baya, ta dafa ƙugu, wai ƙirjinta. Saura mu biyu.

Ke, ni. Ke, ni-ni. Kwas a baki, ƙasa. Wannan na ranar Talata ne, wanda na yi kwana huɗu ina ɓatawa. Ga shi. Ga shi, ban ɓata ba. Kin cilla — tafi ɗaya — kin cafe. In cilla? A gaban mutane? Zanena zai… na cilla. Na tafa. Ta dawo hannuna kamar ta san gida. Wayyo, daɗi. Sauran turamen sun yi shiru, ban san yaushe ba. Wata ta rangaɗa guɗa, ta katse a tsakiya, ta tuna da wa ake yi wa. Ku kalla, ku kalla da kyau, ƴan baƙin ciki, ku tambayi junanku a ina ƴar lakwal ta koya. Ba wadda za ta faɗa muku. Namu ne. Ni da ita.

Ga karin nan ya taso a maƙoshinki. Na san shi, na san inda yake hawa, na san inda yake sauka ya bar min wurin bugu biyu. Sai dai yau bakinki a buɗe yake.

"Mai jar dara, ina darar taka?"

Kuma duk gidan, baki ɗaya, daidai inda nake sauke bugu biyuna:

"Allah shi ƙara."

Sun san ta. Duk sun san ta. Tsohuwar waƙa ce a wurinsu, har da ƴan mata suna amsawa.

"Ka ɗaure na gona, ka ɗaure na rijiya,
yau ga ka zaune kana tufkar igiya."

"Allah shi ƙara."

Wata biyar. Wata biyar ina buga wa wannan kiɗa. Ina wanke kwanon tuwonsa ina yin karin a hanci, a gabansa, yana ji. Bugu biyun da na yi kwana huɗu ina koyo, har hannuna ya yi kanta, ashe gurbin amshi ne — ni ce mai cewa Allah shi ƙara, kullum da hantsi, da taɓaryar uwarsa, a turmin uwarsa, taku biyar daga tabarmarsa. Kin iya mugunta, Ƙande. Kin iya ta a hankali, kamar mai kiwon rago. Kiwona kike yi? Don yau? Duk sassautawar nan, duk rakiyar nan ranar da hannuna ya kumbura…

In tsaya. In saki taɓarya ta faɗi, in tofa miki yawu a gaban turminki yadda kike tofa min. Hannu, tsaya. Ya ƙi. Ke, ni-ni. Ke, ni-ni. Ya ƙi tsayawa, ɗan banza, daɗi yake ji.

Kin ɗaga haɓa. Wa kike yi wa? Su. Kin yi musu alama su yi shiru.

"Nawa ya tafi bai dawo ba,
kai ka dawo ba ka da kowa."

Ba wadda ta amsa. Taɓaryata ce kawai ta faɗa wurin, bugu biyu, tsirara. Yanzu kin dube ni. Karon farko. Ba duban rijiya ba ne, ba kuma… ban san wane iri ba ne. Idonki ja. Gumi ne ko mene ne yake bin gefen hancinki?

Kin maimaita. Kin sake barin wurin.

Faifan surukata ya tsaya. Ba sai na waiwaya ba, na daina jin shassharsa. Mace ta yi wa mijinta Allah shi ƙara a tsakar gidan mutane, uwarsa na zaune? A ina aka taɓa yi? Shi ya ba ni zanen da ke jikina. Ya taɓa sayo min madubi daga Damagaram, ya ɓoye a cikin dara, ya ce in laluba. Ya yi dariya ranar, yana da wushirya, mutane ba su san yana da wushirya ba… In na yi shiru fa? In na yi shiru na zaɓa, kin kuwa ji na zaɓa, gobe in ɗaga in sauke in ji ramin nan ya dawo, an… de… ba kowa a ciki. Har in mutu a gidan nan.

Ba adalci. Me na yi miki? Ruwa ne kawai ban bayar ba, kuma ban ma san ko shi ne…

Na uku. Kin ja shi a hankali, kin rage sauri, kina jirana kamar ranar nan.

Jaki ɗaya muka fito da shi daga Magariya. Akwatinsa a kai, shi a bayan akwatin, wai ƙafarsa ta saba da takalmi, rairayi na ƙona shi. Ni a ƙasa. Tukwane a ka, tabarma a kan tukwane, ciki wata huɗu. Na ce masa marata. Na faɗa, ni da ba na magana, sau biyu na faɗa. Ya ce mu ƙara gaba kaɗan, kada azahar ta same mu inda mutane za su gan shi ba dara. A gindin wani gawo na sauke kayan. Rairayi ya shanye jinin, nan da nan ya shanye, kamar ba a zubar da komai ba. Ya juya min baya yana riƙe da igiyar jaki. Ya ce in yi sauri. Da hannuna na tona, da hannuna na rufe. Bai tambayi ko mace ce ko namiji ba, har yau bai tambaya ba. Sannan na ɗauki tukwanen. Shi ya hau.

"Allah shi ƙara."

Wa ya faɗa? A hankali ya fito, kamar tari. Kin ji. Ke kaɗai kika ji, na ga girarki ta motsa. Kin sake jefo baitin, da ƙarfi yanzu, taɓarya sama, tafi biyu —

"Allah shi ƙara!"

Wannan kowa ya ji. Muryata ce. Ban san tana da girma haka ba. Kuma ba don ke na faɗa ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan, ba don Jibo ba, ba don a bar ni a turmi ba. Kalmomin sun zauna a bakina daidai, kamar da ma an auna su da shi. Tun yaushe suke nan? Tun gawo? Tun kafin gawo?

Sun ɗauka, duk gidan, guɗa har uku, turame sun tashi gaba ɗaya. Mai ƙaton wuya tana tafa min. Kada ki tafa min, ke. Ba ke na yi wa ba. Har yanzu na tsane ki.

Gero ya daku. Kin sa hannu kin kwashe, kin zuba a ƙwarya, kina busa dusar da ta manne miki a yatsu. Numfashinmu ɗaya, ina ji, yana hawa yana sauka tare. Ki ce wani abu. Ki ce Zuwaira. Ko ki tambaye ni sunan, in faɗa miki.

"Gobe da hantsi ina da surfe."

Da turmi kika yi maganar. Kin ɗauki ƙwarya kin yi wajen tsofaffi. Shi ke nan? Kira ne wannan, ko kuwa kin sami abin da kike nema, kina sallamata da ladabi? Ban sani ba. Ban san ki ba. Hannunki kawai na sani.

Wurin surukata ba kowa. Ta riga ni. Ba ta ma buƙatar ta kai labari, ai yana nan inda yake kullum, jikin karan dawa, inuwa ba ta tashi daga wurin ba tukuna. Ya san muryata. Bai taɓa jin ta da ƙarfi haka ba, amma ya san ta.

Taku nawa ne daga ƙofarku zuwa tamu? Kafaɗata kamar an ɗora min dutse. Ban yi nadama ba — ina lalubawa, ina nema, babu. Tausayinsa ne kawai yake nan, a gefe, shi ma bai tafi ba, ban san yadda zan ɗauke su su biyu ba.

Ba na jin motsin kowa a ciki. Ba dukan nake tsoro ba, duka na san tsawonsa, na san inda yake ƙarewa. Turmin. In ya ce a ɗauke turmin daga jikin darni, a kai shi bayan ɗaki, can wajen akurki… magana ɗaya ce, ba sai ya ɗaga murya ba. Daga can za ki ji ni? In kin ji ma, in na ɗaga na sauke na bar miki wuri…

Yatsuna ba su daina ba. Ga su a jikin taɓarya suna ta yi su kaɗai. Sallama zan yi, ko shiga kawai? Bari in ɗan jingina tukuna. Kaɗan.